Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Auna Kalsiyam a Ƙwan Tauraron Teku

Da zarar kakar ƙwai ta kama, sai sababbin ɗalibai su cika ɗakin gwaji, kowa na ɗokin ya ga igiyar kalsiyam, wadda ke tashi idan maniyyi ya taɓa ƙwai, ta ratsa ƙwan da idonsa. Abin kallo ne, ban hana kowa ɗoki ba. Abin da ya ishe ni shi ne duk shekara kuskuren bara ake maimaitawa, a ɓata dabbobi, a ɓata rini mai tsada (wanda ke haskawa in ya kama kalsiyam), sannan a kawo min zane mai kyau wanda ba ya nufin komai. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Gyaran da zan faɗa nawa ne, yadda hannuna ya saba. Wani ɗakin gwajin zai ce maka ba haka ba, kuma ba lallai ne ya yi kuskure ba.

Dalilin da ya sa ake son ƙwan tauraron teku a fili yake. Yana da girma, na nau’in Patiria miniata ya kai kusan maikuromita 180, haske na ratsa shi, kuma mace ɗaya za ta ba ka fiye da abin da za ka iya amfani da shi. A irin wannan ƙwan ne Hermann Fol ya ga maniyyi yana shiga tun shekarun 1870. Babban abin kuma shi ne kai ke riƙe da ragamar nunarsa. Ƙwan na nan tsaye a matakin farko na rabuwar meyosis (rabuwar da ke rage ƙwayoyin gadonsa zuwa rabi), da babbar cibiyarsa da ake kira GV, har sai an sa masa 1-methyladenine, sinadarin da Haruo Kanatani da abokan aikinsa suka gano a Japan a 1969, wanda kowa ke taƙaitawa da 1-MA. Ka ɗiga shi a ruwa, ƙwai ya kama hanya. To daga nan ne matsalar take farawa.

Kuskure mafi tsada shi ne ɗaukar “nunannen ƙwai” a matsayin abu guda. Ɗalibi zai sa 1-MA, ya ga cibiya ta rushe, ya rubuta “ya nuna” a littafinsa, shi ke nan ya ajiye agogo. Alhali ƙwan da cibiyarsa ta rushe minti 10 da suka wuce da wanda ya yi awa biyu a kwano ba halitta ɗaya ba ce ta fuskar kalsiyam. A 1990 Kazuyoshi Chiba da Raymond Kado da Laurinda Jaffe suka nuna cewa ɗanyen ƙwai yana da kalsiyam a rumbunsa, amma sai ka ba shi IP3, sinadarin da ke buɗe ƙofar rumbun, wajen ninki 100 kafin ya saki irin abin da nunanne ke saki. Wato ba rumbu ake cikawa lokacin nuna ba, ƙofar rumbun ce ake sassautawa, kuma a hankali ake yi. A 1994 Jaffe da Mark Terasaki suka nuna cewa shi kansa rumbun, wato ER, yana sauya fasali a wannan lokaci. Zaren furotin aktin da ke ƙarƙashin tantanin ƙwai yana sake shiri, wutar lantarkin tantanin ma tana sauyawa saboda hanyoyin fotasiyam suna raguwa. Duk wannan yana faruwa ne cikin awa ɗaya da ‘yan kai, a gaban idonka, kana can kana gyara allura.

Cibiya kan rushe wajen minti 20 zuwa 30 bayan 1-MA a Patiria, gwargwadon sanyin ruwa. Astropecten aranciacus, wani nau’in tauraron teku na Bahar Rum, ya fi jinkiri. Ɗan ƙullutun farko da ƙwai ke fitarwa a rabuwar meyosis yana bayyana wajen awa ɗaya ko fiye kaɗan bayan 1-MA. Tsakanin rushewar cibiya da fitar wannan ƙullutu, nan ne tagar da ƙwai ke karɓar maniyyi ɗaya rak. Fujimori da Hirai sun nuna haka tun 1979. Kafin tagar, maniyyi da yawa ke kutsawa. Bayanta ma, idan ƙwai ya wuce ƙullutu na biyu ya tsufa, haka. Kuma ƙwan da maniyyi uku suka shiga, igiyarsa daga wuri uku za ta taso, ta cika ƙwai da wuri, kai kuma ka rubuta cewa igiya ta ƙara sauri.

Wannan ya taɓa cinye mana kaka guda cur. Wani ɗalibi a rukuninmu, yaro mai ƙoƙari da hannu mai kyau, yana gwada wani magani da muke zaton yana rage igiyar. Sakamako ya fito tsaf: ƙwan da aka yi wa maganin igiyarsa ta yi rauni, walƙiyar gefe (zoben hasken da ke riga igiya bayyana) ta kusa ɓacewa, lulluɓin da ke tashi kewaye da ƙwai bayan shigar maniyyi bai tashi sosai ba. Muka yi ta murna, har aka fara tsara rubutu a kai. Ranar da na zauna kusa da shi ina kallon hannunsa, sai na ga yadda yake yi. Kwano ɗaya yake sa wa 1-MA. Da cibiya ta rushe sai ya fara da ƙwan shaida, waɗanda ba a yi wa komai ba, don su ne masu sauƙi. Ya ɗauki hotonsu, ya adana fayil, ya wanke ɗan akwatin gilashi, ya ɗora sabuwar allura, sannan ya koma kan na magani. Na duba agogon bango, na duba kwanon: kowane ƙwai da ƙullutu biyu a kansa kamar an ɗora da gangan. Na ce masa, “Tun yaushe ka sa 1-MA?” Ya ce, “Malam, tun kafin a tafi cin abinci.” Kullum haka yake yi, na shaida da wuri, na magani a makare. Tsufan ƙwai muka auna, ba magani ba. Kafin mu sake gwajin yadda ya kamata, dabbobin sun zubar da ƙwansu, kaka ta wuce, sai baɗi. Da baɗin ta zo, bambancin ya narke.

Tun daga lokacin ba na karɓar fayil ɗin da ba shi da lokuta uku a jikinsa: lokacin sa 1-MA, lokacin rushewar cibiyar wannan ƙwan da kansa, ba na maƙwabcinsa ba, da lokacin sa maniyyi. Na fi ƙidaya daga rushewar cibiya, don ita ce ke gaya maka inda ƙwai ya kai, ba inda kake zaton ya kai ba. Allura kuma a ɗanyen ƙwai nake yi in dai gwajin ya yarda, domin ɗanye yana iya jiranka sa’o’i, nunanne ba ya jiran kowa. Sannan ina raba ƙwai ƙananan kwanoni, ina sa 1-MA ɗaya bayan ɗaya da tazarar kwata, yadda kowane lokaci akwai wanda ke cikin taga. Shaida da magani kuma a jere, wannan sannan wancan, gobe a juya. In ka ga wannan wahala ce, ka koma aikin da ba shi da rai.

Akwai wani abu da ya kamata ku sani ko da ba zai sauya aikinku na yau ba. A cikin jikin dabbar, ƙwai ba ya zarcewa kai tsaye kamar yadda yake yi a kwano. Ɗakin gwajin Chiba ya nuna a 2003 cewa yana dakatawa a tsakiyar rabuwar farko tun yana cikin mahaifar ƙwai, sai ya faɗa ruwan teku, pH ɗin cikinsa ya tashi, sannan ya ci gaba. A teku ke nan maniyyi yana samunsa daidai cikin taga. Mu ne a kwano muke ba shi damar tsufa.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar duk wani haske a matsayin kalsiyam. Wannan yana ba ni haushi fiye da na farko, don na farko rashin lura ne, wannan kuwa rashin tunani ne. Rini irin Calcium Green da aka ɗaure da dextran (wani sikari mai dogon zare) mai nauyin dalton 10,000 yana ratsa ramukan tantanin cibiya ya shiga GV. Cikin GV babu gwaiduwa, saboda haka rini ya fi samun fili, sai cibiya ta fi sauran ƙwai ƙyalli tun ba a yi komai ba. Da cibiya ta rushe, ruwanta ya gauraya da na waje, haske ya ragu a nan ya ƙaru a can. Sau nawa aka kira ni da gudu, “Malam, zo ka ga kalsiyam yana fita daga cibiya!” Ba kalsiyam ba ne, rini ne ke yawo. Haka idan ƙwai ya ɗan motsa lokacin da ka ɗiga maniyyi, ko lulluɓi ya tashi ya ɗaga shi daga inda ka saita madubi. Raba F (hasken yanzu) da F0 (hasken farko) ba ya wanke wannan, domin F0 ɗin na wani fasalin ƙwai ne da ya riga ya wuce. Ni dai ina haɗa rini na biyu wanda kalsiyam bai dame shi ba, rhodamine dextran mai nauyi iri ɗaya, in raba wannan da wancan. In duka biyun sun tashi tare, ba abin da ya faru. In kuma so kake rini ya tsaya a wajen cibiya, ɗauki dextran mai nauyin 70,000.

Rinin da ake jiƙa ƙwayoyi a ciki, masu AM a ƙarshen suna, ku bar wa masu aiki da ƙwayoyin da ake nomawa a faranti. Ƙwan halittun teku yana turo irinsu waje, abin da ya shiga kuma ya maƙale a wuraren da ba ka so. Ka koyi allura kawai. Amma allurar ma da iyaka. Ƙwai mai faɗin maikuromita 180 cikinsa wajen nanolita 3 ne kawai. Kashi ɗaya cikin ɗari na wannan shi ne fikolita 30, kuma kashi 1 zuwa 2 nake tsayawa. Rinin kalsiyam kama kalsiyam yake yi, shi ne aikinsa. A hutu kalsiyam ɗin da ke yawo cikin ƙwai wajen nanomola 100 ne kacal, alhali ruwan tekun da ke kewaye da shi yana da kusan milimola 10. Ka cusa rini da yawa don hoto ya yi kyau, ka shanye siginar da kake nema, igiya ta yi nauyi. Ka huda babban rami kuma, ruwan teku ya biyo allura, ƙwai ya haska tun kafin ka fara. Duk ƙwan da na yi wa allura ina ba shi hutu, in bai koma daidai ba in jefar.

Daga nan ake zarcewa ga wata jimla da nake gogewa a kusan kowane rahoton ɗalibi: “kalsiyam ne ke sa ƙwai ya nuna.” Gaskiya ne akwai ɗan tashin kalsiyam cikin minti ɗaya ko biyu bayan 1-MA. Moreau da Guerrier da Dorée da Ashley sun ba da rahotonsa a 1978 da aequorin, furotin mai haskawa in ya kama kalsiyam, kuma rukunin Luigia Santella a Stazione Zoologica da ke Naples ya nuna shi a hoto daga baya. Amma ko shi ne ke jawo rushewar cibiya, an daɗe ana ja-in-ja, kuma wasu sun ga cibiya ta rushe ba tare da shi ba. Hanyar da ta tabbata ita ce: 1-MA ya kama a wajen tantani, domin in ka cusa shi ciki ba ya aiki, furotin G ya saki ɓangarensa na beta-gamma, enzayim ɗin PI3K ya tashi, daga nan a kai ga kunna Cdk1 da cyclin B, furotin biyu da ke haɗuwa su jawo rushewar cibiya. A ganina ɗan tashin nan rakiya yake yi, ba shi ke jan tafiyar ba. Ka rubuta cewa ka gan shi, kar ka rubuta cewa shi ne sanadi sai ka hana shi ka ga cibiya ta ƙi rushewa.

Sai maganar magunguna, musamman heparin. Littafi ya ce yana toshe mai karɓar IP3, sai ɗalibi ya cusa shi, igiya ta lalace, ya rubuta “IP3 ne.” Heparin kamar yaron da ka aika ya rufe ƙofa ɗaya ne, ya bi gidan yana sauya wa kaya wuri. Rukunin Naples ya nuna a 2008 cewa yana sa aktin ɗin gefen ƙwai ya yi kauri fiye da kima, kuma ƙwan da aka yi masa yana karɓar maniyyi da yawa. Aktin ɗin nan kuwa ba ado ba ne. Tun 2002 an nuna cewa latrunculin-A, wanda aikinsa warware aktin ne kawai, yana sa nunannen ƙwan Astropecten ya saki kalsiyam ba tare da maniyyi ba. Saboda haka duk abin da ya taɓa gefen ƙwai ya taɓa siginarka, ko ka sani ko ba ka sani ba. U73122, mai toshe PLC (enzayim ɗin da ke samar da IP3), shi ma haka yake da shisshigi, kar ka yi amfani da shi ba tare da ɗan’uwansa U73343, wanda ba ya wannan toshewar, a gefe ba, kuma kar ka manta DMSO da ka narkar da su a ciki shi ma yana buƙatar nasa ƙwan shaida. Ba ina cewa IP3 ba shi da hannu ba. Yana da shi, kuma hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta David Carroll da abokansa a 1997, inda suka cusa ɓangarorin SH2 na PLC-gamma don su hana wannan enzayim ɗin aiki, sakin kalsiyam ya jinkirta ko ya tsaya. Abin da nake cewa shi ne magani ɗaya ba hujja ba ce. Al’adata, duk maganin da ya sauya igiya, sai na ware wasu ƙwai na duba aktin ɗinsu, na kuma ƙidaya maniyyin da ya shiga da rinin Hoechst.

Walƙiyar gefe ita ce abin da aka fi rasawa. Lokacin da maniyyi ya taɓa ƙwai, wutar tantani tana sauyawa, ƙofofin kalsiyam masu bin lantarki su buɗe, kalsiyam na waje ya shigo ta ko’ina lokaci guda. Zobe ne siriri na haske a gefen ƙwai, na ‘yan daƙiƙoƙi. Igiya daban ce: daga inda maniyyi ya taɓa take tasowa, daga rumbun ciki, ta ratsa zuwa ɗaya gefen. Wanda ya saita kyamara tana ɗauka duk bayan daƙiƙa 10 zai rantse ƙwansa ba ya walƙiya. Ni a farkon ina ɗauka aƙalla sau ɗaya a daƙiƙa, in sassauta bayan igiya ta wuce don kar haske ya ƙona rini. Kuma ka fara ɗauka kafin ka ɗiga maniyyi, ba bayan ba.

Wani kuma, don ya tabbatar walƙiyar daga waje take, sai ya sa ƙwai da maniyyi a ruwan da aka cire wa kalsiyam, ya zauna yana jira. Zai daɗe. Maniyyin tauraron teku sai ya taɓa yauƙin da ke kewaye da ƙwai sannan ya harbo dogon zarensa na aktin, mai kai wa wajen maikuromita 20, kuma wannan harbin da kansa yana buƙatar kalsiyam na waje. Ba ƙwai ka gwada ba, maniyyi ka kashe wa aiki. Don wannan dalilin ne ma in ka wanke yauƙin gaba ɗaya da ruwa mai tsami, za ka ga shigar maniyyi ta yi wuya.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Ruwa marar kalsiyam na cire ƙwayoyin rakiya da ke kewaye da ƙwai ne, waɗanda su ke yin 1-MA a jiki, saboda haka ka wanke da sauri ka mayar da ƙwai ruwan teku, kar ka bar shi ya jiƙa. In ka ga cibiyoyi suna rushewa ba ka sa komai ba, ko wankin bai yi ba, ko bututun da ka ɗauka ya taɓa 1-MA jiya. Almakashin da ya taɓa namiji ba ya taɓa mace. Maniyyi a busasshe ake ajiye shi cikin sanyi, a tsarma shi daf da amfani, kuma in ya yi lamo kar ka ƙara yawansa, ɗan histidine yakan tashe shi. Patiria miniata dabbar ruwan sanyi ce ta gaɓar Kalifoniya, wajen digiri 15 take so, fitilar maikuroskof kuwa tana ɗumama ɗigon ruwa fiye da yadda kake zato, ka sa ma’aunin zafi a kan dandalin kansa, ba a bango ba. Kar ka matse ƙwai da gilashi don ya tsaya wuri ɗaya, matsi kaɗai na taɓa aktin. Kar ka jira kalsiyam ya yi ta hawa da sauka na sa’o’i, wannan halin ƙwan ɓera ne da na mutum, tauraron teku igiya ɗaya babba yake yi. Kar ka ɗauki lokutan Patiria ka ɗora wa Astropecten. Ƙwai 30 daga mace ɗaya, mace ɗaya ka gwada, ba 30 ba. Kuma don Allah, Lionel Jaffe na igiyar ƙwan kifin medaka a 1978 daban, Laurinda Jaffe daban, ku daina haɗa su a rubutu.

Abu na ƙarshe da kusan kowa ke tsallakewa: da igiya ta wuce sai a wanke akwatin gilashi a tafi gida. Ni ba na zubar da ƙwan da na ɗauki hotonsa. Ina mayar da kowanne cikin ɗan raminsa a faranti mai lamba daidai da lambar fayil, in duba ko lulluɓi ya tashi zagaye, in dawo in ga ko ya rabu gida biyu daidai, washegari in ga ko ya zama ɗan tayi mai juyi a ruwa. Wanda ya tsage gida uku ko huɗu a karon farko, maniyyi fiye da ɗaya ne ya shige shi. Wanda bai rabu ba, allura ko rini ko haske ya illata shi. Fayilolin waɗannan ina ware su gefe da jan alƙalami, ba sa shiga lissafin ƙwan shaida komai kyan igiyarsu.